Mamaci da Farashin Mai

A garin Scottsdale na jihar Arizona, cikin zafin hamadar Amurka, akwai wata cibiya mai suna Alcor. Sana'arta ajiyar gawa. Ana tsoma mamaci, kai ƙasa ƙafafu sama, cikin ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai ruwan naitirojin, sanyi digiri 196 ƙasa da sifili. A nan zai jira ranar da likitoci za su gano yadda ake tayar da shi. Wani mai suna James Bedford yana jira tun 1967. Haƙurinsa abin a yaba ne.

Matsalar ruwa ce. Jikin mutum yawancinsa ruwa ne, kuma in ya daskare sai ya zama ƙanƙara mai tsini da ke matse ƙwayoyin halitta tana yayyaga su. Duk wadda ta taɓa fito da tumatir daga firiza ta san labarin. Shi ya sa yanzu ake zuƙe jini, a ɗura sinadarin da ke hana ƙanƙara haɗuwa. Sinadarin ma da nasa dafin. Tsananin sanyin kuma kan tsattsaga gaɓoɓi. Ba komai, wai jikoki za su gyara.

Naitirojin ɗin yana ƙafewa, dole a riƙa ƙarawa. Da lantarki ake samar da shi, babbar mota ke kawo shi, ita kuma dizal take sha. Wato in rikici ya tashi a mashigin Hormuz, hanyar jiragen dakon mai, gangar mai ta yi tsada, mutum yana kwance ba ya ko numfashi, kuɗin hidimarsa na hawa.

Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai rangwame. Ana ajiye kai kaɗai.