Editan da Bai Iya Cewa A'a Ba

Malam Bazazzagi, labari ya iso mana Kano cewa za ka rufe rumfarka ta Suk al-Shabi a Omdurman ka koma aikin edita. Na yi dariya har sai da mai ɗakina ta leƙo ta ga ko lafiya.

Wai hujjarka gado ne, tunda a Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. To, bawana, Abubakar Imam da ya riƙe ta haifaffen Kagara ne, a Katsina ya yi karatu. Masauki kawai kuka bayar.

Mu bar tarihi, mu duba yadda ka yi tun da aka sauko daga Idi. An ce kullum da hantsi kana cikin farar jallabiya da rawani, katin gayyata cike da aljihu. Ka ci wake da burodi a walimar ɗaurin aure, ka tsallaka gada ka je zaman makoki a Hartum, da la'asar barka da haihuwa, da dare kana wurin lallen ango kana ɗaga hannu kana kaɗa yatsu. Ko'ina sai an kawo gahawa a jabana, kai kuma ba ka taɓa mayar da kofi ba. Gaisuwarka kaɗai, da dafa kafaɗa da tambayar yara da maƙwabta da jakin maƙwabta, ta ishi motar Dongola ta cika ta tashi. Rumfar kuwa yaronka ke ta hamma a ciki.

Shi edita, aikinsa yanka ne. Mutum zai kawo shafi biyar da ya kwana yana rubutawa, ka mayar masa da ɗaya da rabi, ka dubi idonsa ka ce sauran surutu ne. Wata rana surukinka ne mai rubutun. Wata rana attajirin da ya cika maka faranti da agashe a bikin 'yarsa shi ne labarin ya shafa, ya aiko a ce ka taimaka ka cire sunansa. Kai da ko gayyatar sunan ɗan akuya ba ka iya ƙi, ina za ka samo wannan bushewar ido?

Ga kuma lokaci. Jarida ba ta san "yanzun nan ina hanya" ba, maganar da ka saba yi alhali kana kishingiɗe a kan gadon igiya.

Kada ka ce ban gaya maka halin da sana'ar ke ciki ba. Ƙasar da ta fitar da Al-Ra'y al-Amm tun 1945 da Al-Ayyam a 1953, tun ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilu 2023 injinan buga jaridunta na Hartum suka yi shiru, 'yan jarida suka watsu, wasu Bur Sudan, wasu Alƙahira, aiki ya koma intanet. Tun kafin nan ma akan kwashe jarida ɗungurungum daga maɗaba'a bayan an gama bugawa. Masu wannan aiki a yau ba don kuɗi suke yi ba, kuma ina cire musu hula. Ana bukatar mai tace jita-jitar WhatsApp, amma rabinta daga wayarka take fitowa.

Ban manta da katin auren ƙanenka ba, wanda aka ba ka ka duba kafin a kai wa mai bugawa. Ka karanta sau biyu, ka ce ya yi, aka buga Alhamis a maimakon Juma'a. Baƙi suka cika ƙofar gida ana tsakiyar kafa rumfa, ragon ma yana ɗaure yana cin harawa.

In dai da gaske kake, ga gwaji. Ka zaɓi biki ɗaya cikin na makon nan ka aika da uzuri, ka zauna ka rage wannan wasiƙar tawa zuwa rabi ba tare da ka cire inda na zage ka ba. Ka haɗo da kuɗin sharata na bara, Muharram ya kusa.