Ai Tana Tafiya!

Ranar Talata makanikina ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya yi salati, ya mayar ya rufe a hankali kamar mai rufe ƙofar ɗakin majinyaci.

"Alhaji, yaushe rabon da a canza taimin bel?"

Na ce masa ai tana tafiya.

"Allah ya ja kwana, kakata ma tana tafiya har ranar da ta rasu."

Motar tawa Honda Prelude ce ƙirar 1989, mai ƙofa biyu, mai fitilun da suke ɗagowa daga bonet kamar idon kwaɗo. Babangida na kan mulki aka ƙera ta a Japan. Kujerar bayanta ba ta ɗaukar kowa sai wanda kake da ƙullin zuciya da shi, shi ya sa ban taɓa samun matsalar 'yan rage hanya ba.

Masu ƙera mota dai ba su ɓoye komai ba. Bel ɗin nan roba ce, ana ƙidaya kwananta da kilomita ko da shekaru, duk wanda ya riga cika. In ta tsinke injin na gudu, fistin ya haɗu da bawul su yi gaisuwar da ba a tashi daga ita, kuɗin bel ɗaya ya koma kuɗin sauke inji. Sai makaniki ya ce mu duba mita mu ga tafiyar da ta yi.

Mita ta ce 88,412.

Haka ta ce ranar da na saye ta. Haka ta ce bayan na je Sakkwato ɗaurin aure, haka ta ce bayan na dawo daga Damagaram. A lissafin wannan mita, shekaru goma sha wani abu ina zaune a ƙofar gida ina murɗa sitiyari ina ƙona fetur. Dillalin da ya sayar min ya rantse wata tsohuwar Baturiya ce ke da ita a Beljiyam, coci kawai take zuwa da ita ranar Lahadi. Ku ma ai taku motar ta wannan tsohuwar ce. Duk motar da ta sauka a Kwatano tata ce. Baiwar Allah nan ta mallaki motoci sun fi na jerin gwanon gwamna, kuma cocin nata, in an bi mita, a bayan katangarta yake. Ni yanzu burina in ji ko tana raye, in tambaye ta yaushe ta canza bel.

Da mita ta ƙi ba da shaida, sai aka koma tarihin gida. Uwargida ta ce tabbas an taɓa sauke wani abu a gaban motar shekarar da aka yi sunan autanmu. Autan nan yanzu gemu yake tarawa. Maƙwabcina ya ce a'a, lagireto ne aka sauke, yana tunawa don shi ya ba da aron bokiti. Wani mai wucewa, wanda ko sallama bai yi ba, ya kara kunnensa a jikin bonet ya ce bel ɗin nan zai kai babbar sallah. Kowa a garin nan makaniki ne, in dai motar ba tasa ba ce.

Na shiga neman sabon bel. Na taka Ƙofar Ruwa layi-layi, na aika Panteka a Kaduna, na sa an buga waya Ladipo a Legas. A nan na koyi cewa orijinal hawa uku ne: akwai orijinal, akwai orijinal na gaske, akwai "wanda ni kaina zan sa wa motata", daga bakin mutumin da ya zo kasuwa a kan keke. Wani ya miƙo min na wata motar daban, ya ce zai shiga. Zai shiga! Da guduma a hannu ai raƙumi ma zai shiga akurki. Wani kuma ya rage murya ya ce yana da ɗan Beljiyam. Wato bel ɗin da wani ya cire don ya gama aiki, aka loda a kwantena, ya ƙetare teku, ni kuma in biya in ɗora wa injina. Ƙila ma na tsohuwar ne.

Dariyar tana tsayawa a wani wuri fa. Wanda ya sa jabun bel a kwali mai kyau shi ne yake sa jabun birki a irin wannan kwalin. Mota ta ƙwace a hanyar Zariya da iyali a ciki, mu taru mu ce kwana ne ya ƙare, shi kuwa ya buɗe rumfarsa washegari. Mu ma da muke lallaɓa mota har sai ta durƙushe a tsakiyar titi ba mu fita ba.

Af, kafin in manta. Irin wannan Prelude ɗin, tun 1987 akwai wadda tayoyinta na baya ma suke ɗan juyawa tare da sitiyari. Tawa tana cikinsu, har wani gwani ya ga suna motsi, ya ce ta karkace, ya kira mai walda ya ɗaure su tamau. Ya karɓi kuɗin aiki da na goro.

Sai kuma fitila. Ta hagu ta daina ɗagowa, motar ta koma kashe ido ɗaya. Da magariba in na shigo layi, duk wanda ke bakin ƙofa sai ta kashe masa ido. Ta yi wa liman. Ta yi wa amaryar gidan da ke kallonmu, har angon ya aiko a tambaye ni ko lafiya. Na rantse ba ni ba ne, ƙaramin injin da ke ɗaga fitilar ne ya mutu. Ya ce shi bai san inji mai zaɓen gida ba.

Jiya aka samo min injin fitilar, orijinal na gaske, da kuɗin da na ware don bel. Yanzu idanunta biyu a buɗe tar, mutuncina ya dawo a unguwa. Makaniki ya sake tambayar maganar bel, na ce a bari sai bayan sallah. Bai tambayi wace sallar ba.