Kafin Ka Sauke Inji, Duba Noti

Duk babur na hannu da ke kasuwa, in ka tambayi dillali, na wani malamin makaranta ne da ba ya zuwa ko'ina sai aji da masallaci. Inda baburan 'yan acaɓa ke shigewa bayan sun shekara biyar suna ɗaukar mutum uku da buhun masara, Allah ne masani. To, ka biya, ka kai gida, da safe ka buga kik hayaƙi ya turnuƙe zaure, ka taka giya ta ƙi shiga. Kafin ka ankara majalisar ƙofar gida ta zauna ta yanke hukunci cewa inji ya tafi. Shawarata guda ce, malam: ka fara tuhumar abin da ya fi araha, cikin inji ya zama na ƙarshe a layi.

Hayaƙi da sassafe ake karanta shi, domin inji mai ɗumi maƙaryaci ne. Shi ya sa dillali ke tayar da babur kafin ka iso, kuma shi ya sa ya kamata ka kai bayan hannu kusa da kan injin, in ka ji ɗumi ka ce sai gobe bayan asuba. Fari siriri da ke ɓacewa cikin 'yan mintoci, musamman a hunturun Disamba da Janairu, tururin laimar da ta kwana a salansa ne, maganinsa ka sha shayi. Wani zai ce ruwa ne ya shiga inji. Wannan karatun mota ne, domin Bajaj Boxer da Honda CG125 iska ke sanyaya su, ba su da lagireto balle ruwan da zai zuba. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya rinjayi iska: ko an bar cok a ja, ko ƙura ta toshe soson tace iska, ko kafireta na neman wanki. Kwance filogi ka duba. In bakinsa ya yi baƙin toka a bushe, fetur ne. In ya jiƙe da maiƙo, baƙin mai ne.

Shuɗin hayaƙi ne ya cancanci a gyara zama, domin shi ne shaidar inji na ƙona baƙin mai. Ko nan ma akwai tambayoyi biyu na kyauta. Ta farko, wane irin inji ne? Suzuki AX100 da takwaransa na Jincheng masu bugu biyu ne, an ƙera su ne su ƙona mai tare da fetur, don haka kai su gyaran hayaƙi daidai yake da kai zakara asibiti saboda cara. Ta biyu, nawa aka zuba? Ƙananan injina irin na Boxer da CG125 kusan lita 1 suke ɗauka, amma akwai masu ƙara gyara kamar ana awon gero, rarar kuma ta bi bututun numfashin inji ta faɗa akwatin iska. Ɗora babur kan babban sitan a ƙasa mai daidai, ka duba sandar awo. In mai daidai ne, sai ka lura da lokaci. Hayaƙin da ya fito a tashin farko ya ɗauke bayan inji ya ɗumama, galibi robobin bawul ne suka bushe, mai ya kwana yana ɗiga cikin silinda. Ƙananan robobi ne, kan inji kawai ake cirewa. Wanda ya ƙi ɗaukewa, yana ƙaruwa da murɗa totur, mai na raguwa a kai a kai, kik kuma ya yi laushi a ƙafa, wannan ne ringi ko silinda.

Za a ce tunda an buɗe, ai gara a canza komai a huta. Da a ce duk kayan da ke shago na asali ne, da maganar ta yi nauyi. Amma cire ringin kamfani mai lafiya a sa wanda ba a san asalinsa ba, sayen hayaƙin baɗi ne da kuɗin bana. Wasu kuma za su ce a zuba mai mai kauri, hayaƙi zai kwanta. Zai kwanta, shakka babu, dabarar da wataƙila aka yi maka ke nan ranar ciniki.

Giya ta fi hayaƙi ban tausayi, don ita da dunduniya ake yi mata magana. Tsuguna ka girgiza matakin da hannu. Sau da yawa notin da ke matse shi a jikin sandar giya ne ya saki, sufana mai lamba 10 ta gama shari'ar. In aka ƙyale shi yana lilo, haƙoran sandar su cinye, daga nan sai wani mai hikima ya kawo shawarar walda. Walda tana riƙewa, amma zafinta na iya ƙona robar da ke tare mai a wurin, kuma ranar da za a zare sandar ta ɗaya gefen, sai an yanke abin da aka biya kuɗi aka liƙe. Bayan noti sai kuloci. Hannunsa na buƙatar wasan milimita 10 zuwa 20 a ƙarshensa kafin ya fara ja. In wasan ya wuce haka kuloci ba ya saki sosai, giya ta shiga da ƙara, firi ya ɓace, babur ya riƙa rarrafe a danja. Faifan kuloci cikin mai suke wanka, don haka tsohon mai yana sa giya tauri, wasu mayukan mota kuma suna sa kuloci santsi. Nemi galan mai alamar JASO MA. Sarƙa ma a duba ta, wasan milimita 20 zuwa 30 a tsakiya shi ne abin da yawancin irin waɗannan babura ke so. Matakin da aka taka ya ƙi dawowa, sifirin ne ya karye, yana bayan murfin kuloci, ba sai an raba inji ba. Giyar da ta shiga sannan ta fice da kanta a hawan tudu, ita ce ke da hujjar a tsaga inji gida biyu, don galibi haƙoran ciki ne suka goge ko cokalin da ke tura su ya lanƙwashe.

Saura masu cewa bakanike ya fi ka sani. Ƙwarai kuwa, ba kuma a ce ka kwance kafireta a tabarmar falo ba. Amma bakanike da abin da ka shigo da shi yake aiki. In ka ce masa inji ya tafi, ba zai yi gardama da mai kaya ba, ga yara uku a garejin suna jiran koyon sauke inji. In kuwa ka ce, maigida, shuɗi ne, da safe kawai, mai bai wuce layi ba, sai ya ajiye babbar sufana ya aiki yaro sayen robobin bawul.