Yadda Ake Kwana a Wuse 2 a Fita da Kuɗin Ajiya

Idan aiki ko neman biza ko ganin likita ya kai ka Abuja na mako guda, za a ba ka shawarar ka bar otal ka kama gidan haya na 'yan kwanaki, irin mai gado da kujeru da kicin da mai zuwa shara. Shawara ce mai kyau, musamman ga mai iyali. Sai dai akwai 'yan dabaru.

Kafin ka tura ko sisi, yi tambayar wuta. Kada ka ce "akwai wuta?", don kowa zai rantse maka akwai. Ce wa masu gidan idan ta AEDC ta ɗauke, janareto ne ko inbata? Ƙarfe nawa ake kashewa? Inbatar tana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki, ko fanka kaɗai take iyawa? Wa ke sa kati a mita? Tun da aka ƙara wa 'yan rukunin A kuɗin wuta a watan Afrilun 2024, wannan tambayar ta fi ta launin labule muhimmanci.

Sannan ka tambayi ina taga ta kalla. Titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola ba su san dare ba, kuma mai kiɗan gidan rawa ba ruwansa da cewa kana da ganawa ƙarfe takwas. Nemi ɗakin baya.

Cikin jakarka kada a rasa buta da darduma. Hajiya kuma ta taho da muciyarta da tukunya ta mutunci, domin abin da za ta tarar cokula huɗu ne masu yatsu da 'yar tukunyar da ba ta wuce dafa ƙwai ba. Turaren wuta kuwa, ranki ya daɗe, a ɗaga kai a dubi silin tukuna. Idan akwai wani ɗan farin faifai a manne, na'urar jin hayaƙi ce, ba ta bambance sandal da gobara. Da kin sa garwashi za ta tara miki maigadi da maƙwabta.

Yanzu ga babbar magana. Akwai kuɗin ajiya da ake karɓa ranar shiga, a mayar maka ranar fita idan ba ka ɓata komai ba. Da ka shiga, tun kafin ka cire hula, ɗauki hoton komai: tabon kujera, tsagar madubi, rimot ɗin da aka ɗaure da salatif. Tura wa mai kula da gidan nan take. Bayan haka sai ka tsare farin zanen gado daga manja da lalle da biron yara.

Ka kuma tsare labarin falon. Zumunci wajibi ne, amma da zarar ɗan'uwa na Mararraba ya ji kana tsakiyar gari, zai tuna cunkoson Nyanya da safe, ya zo gaisuwa da 'yar jaka a kafaɗa. Na Kubwa ma zai ji. Yawancin gidajen suna ƙayyade adadin masu kwana, kuma maigadi yana ƙirga kawuna. Ka riga su: kai ka je ka gaishe su da tsarabar kilishin Area 1, kowa ya sa maka albarka a gidansa.

Acaɓa kuwa ka manta da shi, tun 2006 aka hana shi a tsakiyar birnin. Kira Bolt, kuma da dare kada ka faɗa motar da ka tarar da fasinjoji a ciki, saboda 'yan fashin wan cans. Ranar Juma'a ka fita masallacin An-Nur da wuri, wurin ajiye mota yakan yi wuya.

Ranar tafiya, kira mai kula da gidan ku zaga tare, ku ƙirga cokulan nan huɗu a gabansa. Kada ka miƙa makulli sai ka ji ranar da kuɗinka zai dawo.