Yatsu Biyu a Kasuwar Gwanzu

Duk wanda ya san Kantin Kwari ya san irin yaron shagon da ko banki aka aike shi sai ya bugo waya sau uku. Irinsa ne wani Alhaji ya tura Gwanzu ta ƙasar Sin, lokacin baje kolin Canton da ake yi sau biyu a shekara tun 1957. Ya bi jirgin Habasha ta Addis Ababa, ya sauka filin jirgin Baiyun yana layin barci, don agogon can ya riga na Kano da awa 7.

A nan ya tarar an toshe WhatsApp da Google a ƙasar. Ba Alhaji, ba taswira.

Washegari ya shiga kasuwar yadi, ya ɗaga wani leshi ya tambayi kuɗin yadi ɗaya da ido. Mai shagon ta miƙe babban yatsa da manuniya, ta dunƙule sauran. Yuan biyu! Gabansa ya faɗi don murna, har ya fara lissafin mota da lefe a zuci. Ya nuna dila goma, yana ta waige kada wani Bakano ya ga garaɓasar.

Sai da ta juyo masa da kalkuleta ya ga jimillar ta ninka lissafinsa sau huɗu. Mutanen Sin da hannu ɗaya suke ƙirga har goma, kuma wannan alama takwas ce. Ya buga biyu, ta goge ta buga takwas, maƙwabta suka taru suna dariya. "Wallahi, Alhaji," in ji shi bayan ya dawo, "gumi har cikin takalmina. Da na ga ba mai cetona, na ce to, ciniki dai ciniki ne." Ya yi kamar zai tafi, irin ta 'yan Kwari, ta jawo shi da hannun riga. Suka daidaita a shida, alamar da ya ɗauka lambar waya take nema, don babban yatsa da ɗan ƙarami ake miƙewa.

A hanyar komawa ya ɓata a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Katin otal kaɗai ya rage masa, ya miƙa wa wata tsohuwa da bai taɓa gani ba. Ta sa shi gaba har layi na 5, ta ƙirga masa tashoshi zuwa Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwar Afirka suka cika, inda ya samu taliya da naman shanu na halak. Ranar Juma'a da kansa ya nemo tsohon masallacin Huaisheng.

Kafin ya taso ya ba da kafin alƙalami, ya duba kaya dila bayan dila, ya sa hannu ba tare da ya tambayi kowa ba. Bana Alhaji da kansa zai je, kuma yaron ya gargaɗe shi kada ya ɗaga wa kowa yatsa sai ya tambaye shi.