Masu Jiran Biza a Majalisar Mai Shayi

A da, sana'o'in mutumin Dodoru ba su da wuyar ƙirgawa: noma da damina, fadama ko ci-rani da rani, ɗan saye da sayarwa tsakanin Gwandu da Jega, sai 'yan boko masu koyarwa ko aikin ƙaramar hukuma. Yanzu an samu ƙari. Ka tambayi saurayi me yake yi, sai ya gyara zama ya ce, "Ina jiran biza." Ba kunya yake faɗa da ita ba, muƙami ne. Sana'ar tana da ofis, wato teburin mai shayi bayan isha'i, tana da kayan aiki, wato waya mai caji da data. Ni shan shayi kawai ke kai ni wurin, kowa shaida ne, amma zama ya sa na iya rarrabe ma'aikatan.

Na farkonsu shi ne Sauran Ƙiris. Tun damina biyu da suka wuce ya bi gida-gida ya yi ban kwana, ya nemi gafarar wanda ya ɓata wa, har tsofaffi suka yi masa addu'a da 'yar ƙwalla. Bai shuka ba, don wa zai girbe? Bai gyara rufin ɗakinsa ba, ya ce wa budurwarsa ta ƙara haƙuri. Ya sayo ƙatuwar rigar sanyi a gwanjon Birnin Kebbi, yakan gwada ta a watan Afrilu, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake. A ƙa'ida, amsar bizar ƙwararrun ma'aikata ta Birtaniya kan fito cikin mako uku bayan an ɗauki hoton yatsun mutum. To amma kafin nan sai wani kamfani ya ɗauke ka aiki ya aiko maka da takardar ɗaukar nauyi, shi kuwa Sauran Ƙiris bai samu kamfanin ba tukuna. Amsar tambayar da bai yi ba yake jira.

Kusa da shi Mai Lissafi ne. Tun da ya ji cewa mafi ƙarancin albashin da ake ba da wannan biza a kansa ya koma fam 41,700 a shekara, ya buga a kwakuleta da fam a kan naira 2,000, ya ga abin ya haura miliyan 80, bai sake samun barci mai kyau ba. Ya gina bene a Birnin Kebbi, ya haƙa wa unguwa rijiyar burtsatse, ya biya wa iyaye kujerar Makka, kuma a cikin shekara ta biyu ya ƙara aure. Haraji da kuɗin haya da na wutar ɗumama ɗaki ba su da maɓalli a kwakuletarsa. Har kuɗin kiwon lafiya, fam 1,035 a kowace shekara da ake biya tun kafin a tashi, yakan manta, wanda ni da na ɗan taɓa lissafin, don in taya shi kawai, na ga da shi kaɗai benen ya rasa hawa ɗaya.

Amma uban tafiya, wanda in bai zo ba majalisa ba ta cika, shi ne Jakada. Iyakar tafiyarsa a duniya Sakkwato ce. Fasfo ma ba shi da shi. Tun ana yin mai shafi 32 a kan naira 35,000 ya ce yana jira farashi ya sauko; a Satumbar 2024 ya koma 50,000, ya ce wannan zalunci ne, ba zai biya ba; a Satumbar 2025 ya koma 100,000, ya ce ai dama ya hango haka. Duk da wannan, babu ƙasar da bai san ƙofarta da tagarta ba. "Mu a Kanada ba haka muke yi ba," in ji shi, yana tsoma burodi a kofin da wani zai biya.

Abin da ke ba da haushi game da Jakada shi ne, rabin maganarsa gaskiya ce. Shi ya fara kawo labarin cewa daga Maris na 2024 masu aikin kula da tsofaffi ba za su ƙara tafiya Ingila da matansu da 'ya'yansu ba. Shi ya sanar da tashin albashin sharaɗi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilun shekarar. Da aka rufe ƙofar ɗaukar masu kula da tsofaffi daga waje baki ɗaya a Yulin 2025, tun kafin magariba ya iso, ya kama wuri, ya jira kowa ya hallara. Yana son mummunan labari, yana kuma iya ba da shi. Zai dube ka da tausayi, ya sauke murya, ya ce, "Ɗan'uwa, mi kaka jira? Ai wagga doka tun shekaranjiya anka canza ta." Sannan ya kurɓi shayi a hankali, ya bar ka da zuciyarka.

Ɗaya rabin kuwa, daga inda yake samo shi sai Allah. A wurinsa na ji cewa ba a tura takardu ranar Litinin, don Bature bai huce daga hutun ƙarshen mako ba, ba a kuma turawa ranar Juma'a, don hankalinsa ya riga ya tafi hutu. Talata da hantsi ita ce sa'a. A wurinsa na ji cewa in ka yi murmushi a hoton biza za su ce kana murnar ba za ka dawo ba, in ka ɗaure fuska su ce kai ɗan ta'adda ne. Ya san tsarin Kanada mai maki 1,200, kuma zai lissafa maka naka a bayan kwalin madara ko ba ka roƙe shi ba. Tambayarsa ta farko ita ce shekarunka. Ka ce talatin da biyar, sai ya ajiye biro ya yi salati, domin daga talatin maki ke fara zubewa, kuma a nan ma, abin takaici, bai yi ƙarya ba. Madogararsa kullum "wani yarona da ke Manchesta," yaron da ba wanda ya san uwarsa ko ubansa a duk ƙasar Gwandu. In wani ya samu biza, Jakada ne ya nuna masa hanya. In aka hana shi, Jakada ya faɗa masa bai ji ba. An taɓa samun mai ƙarfin hali ya tambaye shi me ya hana shi kansa tafiya. Ya girgiza kai ya ce, "In na tahi, wa zan bar ma ku?"

Malamin asibiti shi ne wanda duk majalisa ta san tafiyarsa mai yiwuwa ce, shi ya sa ba a cika yi masa dariya da ƙarfi ba. Abin da ya tsare shi jarabawar IELTS. Hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya na son maki 7 a karatu da sauraro da magana, 6.5 a rubutu, shi kuwa rubutu ya tsaya masa a 6, ya ƙi motsi. Mutumin da ke ɗinke rauni da hasken tocila, an ce bai iya bayyana ra'ayinsa kan amfanin gidajen adana kayan tarihi cikin kalmomi 250 ba. Yanzu da hanci yake magana, ko sukari zai ce a ƙara masa sai ya fara da Turanci, mai shayi ya ce, "Malam, dawo gida." Ga kuma hukumar jinya ta nan gida da ta fito a Fabrairun 2024 da sharaɗin sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardu zuwa waje. Muna yi masa addu'ar nasara, amma gaskiya aminin ba ya fita da ƙarfi. Kowa na tuna wanda zai tasa a tsakar dare in yaro ya kama zazzaɓi.

Mai Shekaru Uku ba ya buƙatar dogon bayani. A takardar firamare ya girmi yayansa, a ta bautar ƙasa ƙanensa ya girme shi, a lambar NIN kuma tagwaye ne da ɗan yayarsa. Nan Muhammad, can Mohammed, a gida Mamman. Ya yi rantsuwa a kotu har magatakarda ya san muryarsa.

Mai Ɓoyo tsoron baki yake ji, don haka ko matarsa bai gaya wa ba. Ya ce zai je Abuja duba ɗan'uwa marar lafiya, alhali gwajin tarin fuka zai je, wanda sai da shi ake ba ɗan Najeriya bizar zama Birtaniya. Ɗan kabu-kabun da ya kai shi tasha ya ga farar ambulan a hammatarsa. Kafin motarsu ta kai Jega, Gwaggo ta riga ta aiko da lambar takalminta.

Mai Sauya Alƙibla kuwa kowane mako da ƙasarsa. Ya fara da Ingila, ya koma Kanada, da ya ji Jamus ta fito da katin neman aiki a Yunin 2024 ya koyi gaisuwar safe da Jamusanci ya addabe mu da ita har dare. Ostareliya ta yi masa nisa. In ya gaji yakan ce Saudiyya zai nufa, a samu iƙama da kafili mai tsoron Allah, ko ba komai ga Ɗakin Allah kusa. Mako na zagayowa ya dawo Kanada.

A gefen tabarma akwai Kawu, wanda bai ga dalilin duk wannan wahala ba. Shi a zamaninsa da sanda da buzu ya tafi Kumasi, ya sauka a Zango, ya yi dakon goro, ba wanda ya tambaye shi takarda ko maki. "Ku yaran yanzu, tahiya ma sai kun ci jarabawa!" Labarin yana da daɗi, kuma kullum a wuri ɗaya yake tsayawa. Ba ya kaiwa 1969, shekarar da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda wa'adin mako biyu su bar Gana, Kawu ya dawo Dodoru da buzun da ya tafi da shi.

Wanda ya riga ya tafi ma ba ya barin mu mu huta. Da dare ya aiko da saƙon murya mai tsawo: sanyi, kaɗaici, aikin dare, haya ta cinye albashi, wallahi kada ku zo, ku riƙe gonakinku. Da safe ya sa hoto a Facebook, ya jingina da jar motar da ba tasa ba, dusar ƙanƙara har gwiwa. Majalisa ta saurari saƙon, ta kalli hoton, ta yanke hukunci cewa baƙin ciki yake yi.

Sai wani mai ɗan rubuce-rubuce da ke zama a ƙarshen benci, yana murmushi, wai shi nazarin mutane ya zo yi. An lura wayarsa ba ta yin ƙara bai zabura ba, kuma yana duba akwatin tarkacen imel kafin ya yi alwalar asuba. Ba shi da wata illa, a bar shi.

Duk waɗannan namu ne, in sun tafi za mu yi kewarsu, in sun zauna mu sha shayi tare. Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne Ejan. Yakan zo da mota mai sanyi da carbi mai tsada, ya gaida dattawa har ƙasa, ya ce shi don Allah yake yi, yana son ya ga yaran ƙauye sun ci gaba. A jakarsa akwai takardar ɗaukar nauyi ta sayarwa, miliyan kaza, a biya rabi yanzu. Ba ya faɗa wa uban yaro cewa a dokar Birtaniya kamfani ne ke biyan kuɗin wannan takarda, kuma haramun ne a ɗora wa ma'aikaci. Ba ya faɗa masa cewa sunayen kamfanonin da ke da lasisin ɗauko ma'aikata suna nan a shafin gwamnatin ƙasar, kyauta, kowa na iya dubawa. Ba ya faɗa masa cewa tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 an soke lasisi fiye da 470 a fannin kula da tsofaffi, aka bar dubban mutanen da suka riga suka isa can ba aikin yi, ga bashi a gida. Har bayan an rufe ƙofar a 2025 bai fasa tallar aikin ba, don ya san labari kan daɗe kafin ya iso zauren da babu mai karanta Turanci.

Shi ba wayar yaro yake hari ba, fadamar gidan yake kallo. Fadamar da ke ba da shinkafa da rani, wadda 'yan'uwa mata ke da gado a ciki ba a ko shawarce su ba, da shanun huɗa, da 'yan tumakin da Inna ta tara shekara da shekaru. A sayar, a kai masa a buhu, ya ce nan da wata biyu. Wata biyu su zama shida. Daga "ana kan aiki" a koma "Turawan ne suka canza doka," daga nan waya ta daina shiga. Yaron da ya yi ta ɗaga kai a gari ya koma fita sai dare. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda maganar ke mutuwa. Ejan surukin wane ne, ɗan ƙanwar wane ne, kai shi gaban hukuma zai ɓata zumunci. A tara dattawa, ya yi rantsuwa shi ma cutarsa aka yi daga sama, ya yi alkawarin biya kaɗan-kaɗan, a shafa fatiha, a ce a bar wa Allah. Ko rasit babu, don wa zai nemi rasit a hannun ɗan'uwa?

Bana an sake ganin Ejan a wani ɗaurin aure, ya canza mota. Ya ce Ingila ta lalace, yanzu harkar ƙasar Folan ake yi, aikin masana'anta, ba jarabawar Turanci, kujera goma kacal suka rage. Mai Sauya Alƙibla har ya karɓi lambarsa, yana tambayar Jakada ko azumin can yana da tsawo.