Takardar Sallama Zuwa Ga Tiyon Tankin Mai

Zuwa ga dattijo, Tiyon Wuyan Tanki, mazaunin ƙarƙashin akori-kurata Peugeot 404, a Dagumawa ta ƙasar Wudil. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa.

Amma ba'adu, ina sanar da kai, ba don na manta alherinka ba, cewa majalisar da ta zauna a inuwar darbejiyar gareji, wadda ta ƙunshi bakanike da yaransa da waɗansu masu jiran gyara da ba wanda ya nemi fatawarsu, ta yi ijma'i a kan wa'adinka ya cika. Tun da aka harhaɗa motar nan a Kaduna, a masana'antar da ta soma aiki a 1975, kai ne tsani tsakanin bakin da ake ɗura mai da cikin tanki, kana riƙe amana inda ido ba ya kaiwa, alhali fitila da madubi, waɗanda ba su yi rabin hidimarka ba, su ake gogewa kowace safiya.

Uzurinka karɓaɓɓe ne. Asalinka roba, ita kuwa roba zafin bazara yana ƙeƙasar da ita ta waje, fetur yana tsotse laushinta ta ciki. Ga gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, wanda tsohuwar roba ba ta jure masa. Ga kuma na 'yan bumburutu, wanda Allah kaɗai Ya san nasabarsa. Da can in ka yi yoyo sai mu kau da kai, mu naɗe ka da tsumma. Amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin mai, ɗigo ya zama dukiya, kuma sadakar da kake yi wa kwalta kowace Juma'a daga nan har kasuwar Wudil, ba da yardar mai dukiya ba, ban ji malamin da ya ce tana da lada ba. Balle a tsaya kusa da murhun mai shayi, sai addu'a.

Magajinka ya iso daga Ƙofar Ruwa. Wani mai shago ya so ya haɗa ni da tiyon lagireto, yana rantsuwa duk ɗaya ne, bakanike ya ƙi, domin na ruwa in ya sha fetur kumbura yake yi ya ruɓe, ɓarɓashinsa ya bi mai ya toshe hanya.

Gobe da sanyin safiya, in Allah Ya kai mu, za a cire kan batir, a zuƙe man tanki, a kori duk mai taba a baki; a kankare tsatsar bakin ƙarfe, a tsoma sabon cikin ruwan zafi ya yi laushi, a zura masa maɗauransa biyu tun yana hannu, sannan a cusa shi ana murɗawa har ya zauna, a ɗaure gwargwado, kada ƙarfe ya yanki roba.

Abin da nake roƙo, ka fita da mutuncinka, kada ka manne wa bakin tanki har a kai ga wuƙa a gaban yara. Maƙwabcina ya nemi a ba shi kai don ban ruwa a fadama, na hana, saboda warinka ba zai bar tumatir da rai ba.

Wassalam.

Naka, mai akori-kura, Dagumawa.